Sakin Jiki a Bamako

A tashar Yamai aka fara koya mini hankali, tun ban yi wani nisa da gida ba. Na sauko daga motar Gaya da jaka biyu, ƙarama a wuya, babba a ka, ina ta waige-waige ina neman inda ake shiga motar Wagadugu. Duk wanda na matsa kusa da shi, in ba Zabarmanci yake yi ba to Faransanci ne. Sai na ji murya daga bayana, da Hausa irin tamu sak.

"Samari, daga Kabi kake?"

Wallahi sai na ji wani sanyi a raina. Dattijo ne mai tsabta, da hula da carbi. Ya ce sunansa Alhaji Mamman, asalinsa mutumin Augie ne, kasuwanci ya zaunar da shi a Yamai. Da na ce masa ni ɗan Argungu ne, sai ya kama hannuna ya ce, "Ashe ɗan gida na. Ƙaƙa gulbi bana, ya kawo?" Ya ja ni wurin mai shayi, ya sa aka haɗa mini da burodi. Ni kuwa bakina ya buɗe, ban rage masa komai ba.

Na gaya masa sunana Haruna, ɗan masunta ne ni, amma rawa nake yi. Na ba shi labarin Malam Sahabi, malamin motsa jiki a wata sakandare a Birnin Kebbi, wanda ya share garejin gidansa a Badariya ya mayar mana da shi wurin koyon rawa, ya bar motarsa tana wuni a rana. Shi ya fara nuna mana rawar zamani a wayarsa, irin wadda ba lallai sai da ganga ba, mutum ya ba da labari da jikinsa kawai. Maƙwabta suna kiran garejin nan gidan tsalle-tsalle, bai taɓa kula su ba. Shi ya ɗauke ni bidiyo ya tura wa wata makarantar rawa a Bamako, suka ce in zo. Za a koyar da mu na 'yan watanni, sannan a yi gwaji. Wanda ya dace ya zauna shekara biyu, wanda bai dace ba ya kama hanyar gida. Malam da matarsa suka haɗa mini guzuri.

Alhaji Mamman yana ta gyaɗa kai yana sa albarka. Da aka kira La'asar ya ce, "Tai ka yi alwala, ni na riga na yi. Bar kayan nan, ina tsare ma." Na bar masa babbar jakar. Da na dawo, ga bencin, ga kofin shayinsa bai ma shanye ba, amma babu shi babu jaka. Mai shayi ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da fifita gawayinsa.

Allah ya taimake ni, takarduna da kuɗin mota suna cikin ƙaramar. Amma kayan rawata duka sun tafi: warki, da akayau na ƙafa, da rigar da matar Malam ta ɗinka mini. Har da kifin da Inna ta banda mini da hannunta, ta naɗe a takardar siminti. Kifin nan ya fi komai ƙona mini rai, don ko ɓalli ɗaya ban ci ba, ina tattalinsa sai na isa.

A kan bencin nan maganar Inna ta dawo mini. Ranar da zan taho ba ta yi mini doguwar nasiha ba. Babanmu ya rasu, yayana Sani ya tafi Kwatano neman aiki tun ina ƙarami, muryarsa kawai muke ji a waya, ni kaɗai na rage mata namiji a gida. Ta raka ni bakin zaure ta ce, "Haruna, kak ka saki jiki." Shi ke nan abin da ta ce. Ga shi tun ban ƙetare ƙasa ta biyu ba na saki, an kuwa nuna mini. Na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara ba.

Lokacin hanya ba ta lalace kamar yanzu ba, amma da wuya. Daga Yamai zuwa Wagadugu, daga nan Bobo, daga nan Sikaso, kowane shinge a sauke mu, a tsayar da mu a rana, a juya takarda gaba da baya. Na rungume jakata a ƙirji, ko gyangyaɗi ya ɗauke ni hannuna yana kanta. Duk wanda ya yi mini murmushi sai in ɗaure fuska. Bayan Bobo wata mata mai goyo da ke kusa da ni ta miƙo mini ayaba, na girgiza kai, alhali yunwa nake ji. Sai ta ajiye mini a gwiwa, ta juya tana kallon taga. Sai da na ga ta yi barci na ci. A Sikaso ta sauka, ban gode mata ba, har yau abin yana damuna.

Makarantar ba wani gini ba ce na a zo a gani. Gida ne mai faɗi a wata unguwa kusa da kogi, an kafa rumfar kwano a tsakar gida, an shimfiɗa katako a ƙasa. Mai makarantar wata 'yar ƙaramar mata ce mai furfura, kowa Tanti Kadi yake ce mata. Ta yi rawa a ƙasashe da dama, da ƙafa ta fara ciwo ta dawo ta buɗe gidanta ga yara irinmu. Akwai 'yan Abijan, akwai 'yan Lome da Konakiri, duk a roba ɗaya muke cin shinkafa da miyar gyaɗa. Da ta ga na zo da riga ɗaya, ba ta tambaye ni ba'asi ba, ta shiga ɗaki ta fito mini da wanduna biyu na ɗanta. Na karɓa, amma sai da na yi ta tunanin me take so a wurina. Haka Alhaji Mamman ya mayar da ni.

Kwanakin farko na yi zaton na fi kowa. In tsalle ne, na tashi sama. In bin kiɗa ne, ai mu da shi muka tashi. Sai aka zo kan faɗuwa.

A wurinmu faɗuwa abin kunya ce. Ɗan kokawa in hannunsa ya taɓa ƙasa an gama da shi. Mai rawa in ya zame a fage, har ya tsufa ana tuna masa. A nan kuwa rabin rawar a ƙasa ake yin ta. Za ka ga mutum yana tsaye, sai ya sulale ya kwanta babu ko ƙara, ya mirgina, ya tashi kamar ba a yi ba. Akwai kuma wadda za ka rufe ido ka faɗa da baya, abokin rawarka ya tare ka. Ni in na fara karkata, ƙafata da kanta take komawa baya ta tokare. In na matsa wa kaina na faɗi, sai in faɗi tim kamar buhun shinkafa, katako ya amsa.

Tanti Kadi takan tsaya a kaina tana tafa hannu tana cewa, "Lashe. Lashe." To ni Bahaushe, in an ce ka lashe, ko dai kwano ne ko gasa. Kwano babu shi a wurin, saboda haka na ce gasa take nufi, so take in fi sauran. Har ina mamakin inda ta tsinci Hausa. Sai in ƙara ƙarfi, in cije, in ɗaure kowace jijiya. Ita tana ƙara cewa lashe, ni ina ƙara ƙanƙamewa. Gwiwar hannuna ta kumbura, ƙuguna ya yi baƙi, sujada ma da dabara nake yi.

In an tashi bayan La'asar, kowa ya kama abokinsa suna hira da Faransanci, ni sai in gangara bakin kogi. Malam Sahabi ne ya gaya mini a waya cewa kogin nan da suke kira Joliba shi ne Kwara tamu, ruwan zai bi ta Yamai, ya bi ta Gaya, ya je ya haɗu da ruwan gulbinmu. Tun daga ranar kullum sai na je. In zauna ina kallon ruwan yana tafiya gida ba ni. Ina kewar warin hayaƙin banda a tsakar gidanmu. Ina kewar tuwon shinkafa da miyar kuka, da ƙarar injin ban ruwa a fadama, har 'yan acaɓan Birnin Kebbi da nake faɗa da su sai da na yi kewa. Ban taɓa sanin mutum zai iya kewar a zage shi da harshensa ba.

Ranar Juma'a nakan kira Inna ta wayar maƙwabciyarmu. Hirarmu ba ta canzawa.

"Kana cin abinci?"

"Ina ci, Inna."

"Ba ka dai saki jiki ba ko?"

"Ban saki ba."

"Madalla," sai in ji ta sauke numfashi.

Malam Sahabi kuwa ba ya ɓoye mini komai. Ya ce iyayen yaran gareji kullum suna tambayarsa labarina. Wani ma ya ce in Haruna ya dawo hannu sake, zai kwashe 'ya'yansa ya mayar da su gonar shinkafa a Ambursa, saura kuma jira suke su bi bayansa. Ya faɗa yana dariya, ya ce kada in sa a raina. Ta yaya ba zan sa ba? Mutumin da motarsa take wuni a rana saboda mu.

Ana haka Isufu ya dawo. Ɗan shekara ta biyu ne a makarantar, mutumin Dogonduci, sun tafi wasa wata ƙasa lokacin da na iso. Ranar farko ya zauna gefe yana kallona ina dukan katako da ƙugu. Da aka ba da hutu ya matso ya ce, "Kai Bakabe, mi ƙasa tay yi ma kaka dambe da ita?"

Rabona da jin Hausa baki da baki tun Yamai, kuma na san yadda waccan ta ƙare, don haka na amsa a daƙile. "Tanti ta ce in lashe."

Ya dube ni, ya dubi Tanti, sai ya zauna daɓas yana dariya har da riƙe ciki. Da ƙyar ya ce, "Faransanci na, ɗan kihi. Ba Hausa ta ba. Cewa taka yi ka saki. Saki jikinka."

Ban yi dariya ba. Na ce masa, "Ai shi anka hana ni."

Sanin ma'anar bai gyara komai ba. Kaina ya gane, jikina ya ƙi. Gwaji yana matsowa, Tanti ta kira ni ta sa Isufu ya yi mana tafinta. Ta ce tana son tsallena, tana son yadda kunnena yake bin kiɗa, amma in ban iya sakewa ba ba za ta riƙe ni ba, don wata rana zan karya kaina ko in karya wanda na ɗauka. Ta ce kuma ranar gwaji kowa zai nuna gajeriyar rawa tasa ta kansa. Ni da na zo da niyyar in ɗaura warki da akayau in girgiza su da rawar gida, ga shi kayan suna can wurin mutumin Augie na ƙarya. Ta faɗi maganarta a hankali, tana dafe da hannuna, hakan ya fi mini zafi.

A bakin kogin akwai wani tsoho mai kwalekwale da nake gani kullum. Ba ya jin Hausa, ba na jin Bambaranci. Wata rana na ga yana fama da taru ya yage, na zauna na kama masa ɗinki ba tare da ya ce ba. Ya kalli yadda nake ƙulli, ya kalli fuskata, ya tura mini kofin shayinsa. Daga nan muka saba, zama kawai, ba magana.

Yammacin da Tanti ta yi mini maganar nan, zafi ya ishe ni ciki da waje. Na ga wata jarka ruwan ɗorawa babu komai a cikinta a kwalekwalen tsohon. Mu a Argungu a kan gora muke su. Ƙaton gora ne, masunci ya kwanta a kansa da ciki, homa, ragar kamun kifi, a kowane hannu, yana shawagi a kan ruwa. Na nuna wa tsohon jarkar, ya ɗaga mini kai. Na tuɓe riga na shiga, na ɗora cikina a kanta. Nan take ta kifar da ni. Na sake hawa, ta sake juyewa, na sha ruwa. Ni ɗan Argungu, jikan masunta, jarkar man gyaɗa tana wasa da ni a gaban baƙo. Tsohon yana dariya har ana ganin dasashinsa.

Ina tsaye ruwa iya ƙirji ina tari, sai na tuna ranar da Baba ya fara ɗora ni a kan gora. Ina ƙarami, na ƙanƙame wuyan goran da hannu biyu ina kuka. Ya ce, "Kak ka riƙe shi. Ba shi nauyinka duka, shi ka ɗaukar ka. In ka ƙanƙame, kihe ka za shi yi." Ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar bayana, muna tafiya a hankali, yana ba ni labarin wani giwan ruwa da ya taɓa kuɓuce masa. Sai can na waiga na hango shi nesa yana tsaye, ya naɗe hannu. Ban san lokacin da ya ɗauke hannunsa ba.

Na jawo jarkar na kwanta, na bar hannuwana suka faɗa ruwa, na bar wuyana, na bar ƙafafuna. Ta ɗauke ni. Ruwan ya fara ja na a hankali, ta wajen gida. Ina kwance a kan jarkar nan na yi kukan da ban yi a Yamai ba, na yi na Baba, na yi na kifin Inna. Tsohon ya bar dariya, ya biyo ni da kwalekwale daga nesa har na gama.

Ba a rana ɗaya na iya ba. Amma daga ranar, in zan faɗi sai in ce wa kaina katakon nan gora ne. Ƙarar faɗuwata ta fara raguwa. Isufu ya riƙa tsayawa da ni bayan an tashi, yana tare ni, yana zagina da Hausa in na tokare, ni kuwa daɗin zagin nake ji. Na ba shi labarin Alhaji Mamman, wanda ban taɓa ba kowa ba. Ya ce in mun je Yamai tare za mu nemo shi mu karɓo ko akayau ɗaya.

Ranar gwaji na fito da wandon ɗan Tanti, ba riga, ba komai a ƙafa. Isufu ya kifa ƙwarya a cikin bahon ruwa yana bugawa a hankali, irin kiɗan da mata suke yi a gida. Na kwanta da ciki a kan goran da babu shi. Na buɗe hannuwa da homar da babu ita. Na yi yaron da ya ƙanƙame, na kife, na nutse, na taso ina neman iska. Na yi hannun Baba a bayana, na yi waigen da na yi ban gan shi kusa ba. A ƙarshe Isufu ya bar ƙwaryar ya tsaya a bayana, na rufe ido na tafi da baya gaba ɗaya. Ƙafata ba ta tokare ba.

Ba a yi tafi nan da nan ba. Tanti Kadi ta taso da ɗingishinta, ta zagayo, ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar bayana, ta yi magana gajeriya. Na dubi Isufu. Ya ce, "Ta ce ka nemi katifa mai kyau, zama ya kama ka."

Malam Sahabi na fara kira. Yana cikin gareji, na ji ya gaya wa yara, na ji ihunsu da dukan ƙofar kwano. Shi kansa bai iya cewa komai ba sai "To, to, to." Sannan na kira maƙwabciyarmu, ranar ba Juma'a ba ce, na ce a kai wa Inna.

"Inna, sun ɗauke ni. Shekara biyu."

"Alhamdu lillahi. Allah shi yi albarka. Ƙaƙa kay yi?"

Murna ta sa ban auna maganata ba. Na ce, "Wallahi Inna, jiki nis saki. Ashe abin da aka so ke nan tun farko."

Na kasa kunne. Ina jin kaji, ina jin wata tana daka a maƙwabta, ina jin tarin da hayaƙin banda yake sa ta.

"Ka saki," ta ce.

Na fara yi mata bayani, cewa maganar rawa ce, cewa ina kula da kayana, ba wanda zai cuce ni. Ta katse ni.

"Ai ba ɓarayi nika ma tsoro ba, Haruna. Ɓarawo kaya za shi ɗauka, shi bar min kai. Sani da yat tai Kwatano, ba abin da yas same shi. Lahiya lau yake. Jiki kawai yas saki."

Sai a lokacin na gane. Duk Juma'ar nan da take tambayata, ashe ba abin da nake amsawa take tambaya ba. Ta gyara murya ta ce, "To, yi rawarka da kyau, kak ka ba Malam kunya. In ruwa ya janye zan banda ma wani kihi, ko Allah na kawo mai zuwa." Ta miƙa wa maƙwabciya wayar tun ban amsa ba.

Ina Bamako har yanzu. Na iya faɗuwa ta kowace fuska, sababbin zuwa ni ake nuna musu. Ina jin Bambaranci daidai cefane, ni da tsohon mai kwalekwale har gardama muke yi a kan kifin wane kogi ya fi daɗi. Na sayi katifar. Tanti ta ba ni durowa a ɗakinmu, Isufu kullum yana tsokanata wai ta zama gidan gizo-gizo. Kayana suna cikin ƙaramar jakar nan da na rungumo daga Yamai, a rataye a ƙusa bayan ƙofa. In na wanke riga ta bushe, sai in ninke ta in mayar ciki.